Sunan Labo a Ƙasan Shafi

Malumfashi, 12 ga Oktoba, 1964

Zuwa ga aminina Malam Bature,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Mairo da yara. Yaya Zariya, yaya aikin laburare? Mu nan sai godiya, auduga ta yi kyau bana.

Ka sha yi mini dariya cewa ɗaliban kwalejin horon malamai ba za su iya binciken tarihi ba, sai haddar shekarun yaƙe-yaƙe. To, buɗe ƙunshin nan ka ji kunya. Wata takwas ina yi musu naci a kan abu ɗaya: duk maganar da ka rubuta, ka sa sunan wanda ya faɗa maka a ƙasan shafi, da garinsu, da ranar. In mutum ɗaya ne ya faɗa, nemo na biyu. Wanda ya rubuta mini "an ce" sifiri ne rabonsa, har sun laƙaba mini Malam Wa-Ya-Ce.

Wannan aikin Mamuda ne, ɗan wata unguwar Maguzawa a bayan Ƙarfi. Shi ya musulunta, amma kakansa Labo yana nan kan addinin kakanni. Hutu guda ya yi a gaban tsohon yana rubuta yadda suke yanka a gindin wata tsamiya kafin shuka, da inda take, da gidajen da ke kai akuya. Labo ya ce kada a sa sunansa. Ni na ce wa Mamuda aiki ba suna tatsuniya ce, ya koma ya lallashe shi. Mun buga kwafi uku a tafireta: ɗaya nawa, ɗaya na shugaban kwaleji, ɗaya naka. Ka adana shi da kyau.

Naka har kullum,
Abdussamad

Malumfashi, 20 ga Disamba, 1964

Malam Bature,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Mairo. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka yafe mini shirun nan, raina ne a ɓace. Ranar ba da kyaututtuka shugaba ya ɗauki aikin Mamuda yana nuna wa manyan baƙi, ni kuwa ina gefe baki har kunne. Wani daga cikinsu ya ce a ara masa ya karanta a gida. Har godiya na yi masa, Bature.

Bayan kwana tara wasu mutane suka isa unguwar da gatura. Ba su tambayi kowa hanya ba, don shafi na shida ya faɗa musu: gabas da rafi, bayan gonar Gwadabe. Suka sare tsamiyar. Sannan suka bi gida goma sha ɗaya suna kiran masu gidan da sunayensu, a jere yadda suke a ƙasan shafi, suna yi musu kashedi a gaban matansu. Labo suka fara kira, shi da ya haura tamanin.

Ni Musulmi ne, ban taɓa cewa abin da suke yi a gindin itacen nan daidai ne ba. Amma amana tsohon ya ba jikansa, ni na sa aka buga ta a tafireta. Da na je wa shugaba da maganar, cewa ya yi ai wannan ya nuna ingancin aikin, tunda ba a sami kuskure ko ɗaya ba. Yana so in koya wa sauran azuzuwa wannan hanya baɗi. Na tashi na fito.

Naka,
Abdussamad

Malumfashi, 17 ga Janairu, 1965

Aminina,

Ina fata kun tashi lafiya. Na ga wasiƙarka, na kuma ji ka sa wa aikin bango mai ƙarfi da lamba, ka ce nan gaba babu inda za a sami wannan tarihi sai a kantarka. Gaskiya ka faɗa, kuma ita ta fi ci mini rai.

Mamuda bai taka gidansu ba tun ranar. A kwaleji ya yi hutu, ya rame, ko kallona ba ya yi. Uwarsa ta aiko cewa Labo ya ce Mamuda ba zai shiga gidan ba sai an ƙone duk takardar da ke ɗauke da sunansa, a gabansa. Na karɓo kwafin shugaba da ƙyar bayan baƙon da ya ara ya mayar, na haɗa da nawa. Na ce wa Mamuda ya kai biyun, tsohon ai bai san da na Zariya ba. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce kakansa ya riga ya tambaye shi guda nawa ne, ya ce uku, domin ni ne na koya masa kada ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba.

Don Allah ka cire lambar, ka ba direban motar Funtuwa aikin ranar Litinin ya kawo mini. Kada ka kwafi ko layi ɗaya, don in Mamuda ya tambaye ni ba zan iya yi masa ƙarya ba. Bangon mai ƙarfi ka riƙe abinka, ba ya cin wuta da sauri.

Ka gaida Mairo.

Naka,
Abdussamad