Manhajar da ba ta shanye tawada

Daren Laraba, 9 ga Sha'aban

Na kasa barci. Yau muka zauna a ofis a kan manhajar sikanin takardu da za mu ɗora wa sababbin ma'aikatan reshenmu na Sandamu a kwamfutocinsu. Guda biyu ne a gabanmu, babba da ƙarama. Abokin aikina Sanusi ya kafe a kan babbar, mai maɓallai rututu.

"Haba Malam Idi, wannan ƙaramar ai ta 'yan koyo ce."

"To su waye za su yi aiki da ita in ba 'yan koyon ba?" Har na ɗaga masa murya.

Bai san da babbar na yi sikanin wasiƙun ajamin Baba ba, shekarar da ya rasu. Ina ji da kaina, na taɓa nan, na taɓa can, wai ina gyara haske. Ban duba ba na mayar da takardun garinmu, Babban Mutum, gara ta cinye su da damina. Ranar da na buɗe abin da na yi sikanin a kwamfuta, sai fararen shafuka. Dama tawadarsa ta koɗe, manhajar ta ɗauke ta a datti ta goge.

Yau ɗin a ofis, sai na kira Hajiya Talatu, sabuwar mai buga takardu, na ba ta wata tsohuwar takarda. Maɓalli ɗaya ta danna a ƙaramar. Komai ya fito, har tabon manja.

Ƙaramar muka zaɓa. Sanusi na ta fushi, ya je ya yi.

Ɗazu na sake buɗe shafukan Baba, na ƙure haske. Babu ko ɗigo.