Adakar Inna

Gummi, daren Talata, 11 ga Maris, 1986

Alhamdulillahi, yau kam zan yi barci.

Tsohuwar adakar nan da na tsinta a zaure kaji na ƙwai a ciki, na wanke ta, na shafa mata shuɗin fenti, na jera kwanukana a kai, littattafaina a ciki. Sai jiya maigidana, Malam, ya ce ai adakar auren Innarsa ce. Na kwana ina tsara yadda za a kore ni, kamar a littafi.

Da la'asar Inna ta shigo ɗakina. Na durƙusa, kaina a ƙasa. Ta daɗe tana shafa murfin.

"Ɗiyata, wa ya gaya miki shuɗiya ce sa'ad da anka kawo ni gidanga?"

Ba wanda ya gaya mini. Ragowar fentin ƙofa ce.