Goran Kisira

Zuwa ga Hajiya Ige,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sanyaya makwancinki. Na san wasiƙar ga ba ta kaiwa gare ki. Ko da kina raye ma ba ki karanta ta, tunda ba ki taɓa yarda bokon da na koya rubutu ne ba, cewa kike sawun tururuwa ne. Amma ba ni da wanda zan gaya ma wanga zance sai ke.

Wurno tana nan yadda kika bar ta. Gulbi ya cika bana, ya ci shinkafar mutane can wajen Goronyo. Gishiri da tufa sun yi wuya saboda yaƙin Turawa. Ɗanmu Bello yana Sakkwato wurin aikin En'e, hukumar gargajiya, gaisuwarshi ke zuwa, shi bai zuwa. Ƙafafuna sun ƙi, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda. Balki, matar Umaru ɗan ƙanena, ita ke kawo mini tuwo safe da marece. Yarinyar kirki ce. Ki riƙe wannan tun kafin ki ji sauran.

Ige, tsamin kisirarki ya mutu.

Kin tuna inda muka samo shi. Muna dawowa daga Makka guzuri ya ƙare, muka tsaya ƙasar Sudan muna tsintar auduga a gonakin mutane. Can masassara ta ɗauke ɗiyarmu Hajo. Kika daina cin abinci, na yi lallashi, na yi wa'azi, duk a banza. Sai tsohuwar nan maƙwabciyarmu, wadda ba ku jin harshen juna, ta jawo hannunki zuwa murhunta. Ta zuba ƙullun dawa kan kaskon ƙarfe, ta shimfiɗa shi da guntun kaba har ya yi sirara kamar takarda, ta ɓamɓaro shi da zafinshi ta sa miki a baki, abin da su ke kira kisira. Kika tauna. Ina tsaye bakin darni ina kallo.

Ranar da za mu taso ta ɗibar miki uwar ƙullunta a gora, tsamin da ake tayar da sabon ƙullu da shi. Kika goyo goran nan kamar jinjiri, kowane zango ki zuba mishi gari da ruwa. Na yi ta faɗa, kaya sun yi ma jaki yawa ke kina renon ruɓaɓɓen gari. Kika ci gaba da renonki. Da muka iso gida, kowace Jumma'a sai kin yi kisira, ki rage ɗan ƙullu a gora don ta gaba. Mata har daga Gandi da Tursa sun zo kallo, sun ci da miyar kuɓewa, sun ce daɗi, amma ba wadda ta zauna ta koya. Mi za su yi da abin da ba ya cika ciki kamar tuwo?

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Na san ranar Jumma'a muka binne Hajo. Na san don wa kike hura wutar nan. Tun da muka baro Sudan ba mu ƙara ambaton sunanta tsakaninmu ba, ni ina gudun in tayar miki, ke ma ƙila hakanan. To ki sani, duk lomar da na kai baki, da ita nike ci.

Bayan rasuwarki na ɗauke goran na kai ɗakina. Yi kisira kam ban iya ba, kuma tsoho da furfura bai durƙusa gaban murhu mutane na gani. Amma ciyar da shi na iya, don na daɗe ina satar kallon hannunki. Sai in roƙi garin dawa wurin Balki in ce kunu nike so. In na buɗe marfin, warin tsamin nan ya bugi hancina, sai in ji kamar kin fita ne ɗibar itace. Ban gaya ma kowa ba, kunya nike ji.

Watan jiya ciwo ya kayar da ni, ban san inda nike ba. Da na farfaɗo na tarar an share ɗakin tas. Balki ta shigo tana murna, ta nuna mini goran. Ta iske shi yana kumfa yana wari, ta ɗauka ragowar fura ce ta lalace, ƙila ma ita ke sa ni ciwo. Ta zubar bayan gida, ta sa rairayi da toka da ruwan zafi ta girgije shi, ta shanya a rana. Mi zan ce mata? Na sa mata albarka. Ta fita, na juya fuskata bango.

Na gwada tayar da wani tsamin. Na jiƙa gari na rufe, ya yi tsami, amma tsamin koko ne irin na kowane gida. Wa zan tambaya? Tsohuwar ko sunanta ba mu sani ba. Hanyar Sudan kuwa, mutumin da zaure ke yi ma nisa?

Goran yana nan kusa da matashina. Farko in na tusa hancina ciki nakan ji ɗan saura. Jumma'ar da ta wuce na shaƙa, na ƙara shaƙa, sai ƙamshin toka.

Ke kin ƙetare ƙasashe da shi bai mutu ba, ni daga gado zuwa bango na kasa tsare shi. In kin iske Hajo, ki ce mata babanta ya faɗi sunanta yau, da ƙarfi, shi kaɗai a ɗaki.

Allah Ya gafarta muku, Ya gajarta mini jira.

Mijinki, abokin tahiyarki,
Alhaji Sambo