Taragon da Aka Yi wa Ƙunshi

Zuwa ga Hajiya, uwar Abba da Rabi.

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki a makwancinki. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, ina sanar da ke cewa gida lafiya, yara lafiya, dawa ta yi kyau bana a wajen Kiru, gwiwata kuwa tana nan yadda kika bar ta. Rabi ta ce in na gama za ta sa takardar nan a waya mutane su karanta. Na ce ta sa. Masu leƙowa, sannunku da zuwa, ku samu wuri, amma da ita nake magana.

Akwai wani zance da na daɗe ina ji a kanki, ban taɓa yarda da shi ba. Wai kin yi wa jirgin ƙasa ƙunshi.

Iro wanzami ne ya fara faɗa mini, askarsa tana kan maƙogwarona, lokacin da mai hankali ba ya gardama. Ya ce matarsa ta shiga gidanmu aron rariya, ta tarar da ke a tsakar gida da ƙoƙon lalle, kina naɗe ɗaya daga cikin taraguna da tsumma kamar ƙafar amarya. Na jira ya ɗauke askar, sannan na ce masa ya sake tambayar matarsa gidan da ta shiga. Ke da ko abinci za ki kawo mini ɗakin jirgin, daga bakin ƙofa kike miƙowa?

Saboda baƙin da ke karantawa, bari in koma baya kaɗan. Ke kin sani, sai ki yi haƙuri da ni yadda kika saba.

Da na rufe shagon gyaran agogo a Kwanar Dangora, Abba ya aiko mini da wani akwati daga ƙasar Turawa inda yake aiki. A ciki akwai ɗan kan jirgi mai aiki da lantarki, da layin dogo a gutsuttsure, da taragu na roba, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ya ce can dattawa da shi suke cinye lokaci. Na haɗa, ya zagaya, na yi murna. Amma taragun ba namu ba ne. Ni taragun da na sani su ne na shanu, waɗanda suke tsayawa a tashar nan tamu ina yaro, mahaifina yana cikin masu kora shanun Fulanin Falgore su hau. Sai na cire ƙafafun da ƙugiyoyin da ke haɗa tarago da tarago, na jefar da robar, na sassaƙa sababbin jikuna da siraran katako.

Da na gama fenti suka fito fes, sai na ga ƙarya suke yi. Ban taɓa ganin taragon shanu mai tsabta ba. Na shiga neman dauɗa da gaske: kunkunniya daga rufin madafarki, jar ƙasa daga hanyar Kafin Maiyaki, tsatsa daga tsohuwar garma da nake jiƙawa a ruwan tsamiya. Burushina gashin jelar akuya ne. Kika tsaya a bakin ƙofa kina kallona, kika ce, “Malam, duk garin nan sabulu ake nema, kai kaɗai ne kake neman datti.”

Kin tuna jajibirin wata Babbar Sallah. Na tafi kasuwa, na dawo, na tarar da taraguna a jere kan tabarma suna shan rana. Kin bi su da soso da toka ɗaya bayan ɗaya. Aikin da na ci damina guda ina yi ya bi makwarari. Kika dube ni da fuskar wadda ta yi alheri, kika ce kin fitar da ni kunya kafin baƙi su zo.

Na ci tuwona, na yi godiya. Amma kin zauna da ni tun ina da baƙin gemu, kin san irin godiyar.

Bayan Sallah aka yi rasuwa a danginmu na Doguwa, dole in je in yi kwanaki. Kafin in fita na ɗauki tarago ɗaya na shafa masa ruwan tsatsata sama-sama, don zuciyata ta ɗan kwanta, na ajiye shi a taga.

Abin da na dawo na tarar, Hajiya, har yau in na tuna sai na gyara zama. Tsatsa ta fito daga kan kowace ƙusa, ta gangaro siririya, tana ƙanƙancewa har ta ɓace, daidai yadda ruwan sama yake jan ta. Gindin ƙofa ya yi duhu inda fitsarin shanu yake taruwa. Launin ba ruwan lemo ba ne irin nawa, ja ne mai zurfi da ya shige cikin katakon. Na ji ƙanshin lalle, ba zan musa ba, amma a makon Sallah wane lungu ne na gidanmu ba ya ƙanshin lalle?

Na ce haɗina ne ya nuna a rana. Na faɗa a masallaci, na faɗa a wurin mai shayi. Na zauna in maimaita a kan sauran taragun, abu ya ƙi. Duk sanda na fito ina tsaki, sai ki ce, ba tare da kin ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba, “Ƙara tsamiya, Malam.” Na ƙara tsamiya har Rabi ta fara ɓoye ta kunu. Shekaru muka yi a haka, ko sau ɗaya bakinki bai suɓuce ba.

Bayan Iro, Rabi ma ta faɗa mini, da ta yi aure ta ga ta fi ƙarfin a kore ta daga ɗaki. Na ce bakinku ɗaya. A zaman makokinki na ji mata a cikin gida suna kuka, sai wata ta tuno zancen, kukan ya koma dariya ƙasa-ƙasa. Nan ma ban yarda ba. Ba taurin kai ba ne. Mai gyaran agogo ba ya karɓar magana sai ya buɗe baya ya gani.

To, na buɗe.

Tun bayan tafiyarki nake wani aiki da na daɗe ina ɗagawa. Ƙugiyoyin da suka zo daga wurin Abba a jikin ƙafafun suke, wato a kan ɗan firam ɗin da ke riƙe da tayoyi yana juyawa. In jirgi gaba yake ja, lafiya lau. Amma ni na gina wani ɗan reshe na layi da wurin lodin shanu, kamar na tasharmu, kuma da baya ake shigarsa. Da zarar kan jirgi ya turo, ƙarfin sai ya sauka a kan ƙafafun, ya murɗe su a kwana, tarago ya yi tsalle ya kwanta. Kin sha jin ƙarar daga madafa, kina tambaya ko an samu asarar rai. Maganinsa shi ne a yanke ƙugiyar daga ƙafafu a dasa ta a gangar jikin taragon, yadda take a jirgin gaske, don jiki ya ɗauki nauyin turi. Sai an daidaita tsayi sosai, in ɗaya ta ɗara ɗaya za su saki juna a hanya. Da guntayen tsohon katin waya nake cike tazarar, in ɗiga gam, in danne.

Na yi wa duk sauran. Kowanne ya shiga reshen nan da baya cikin natsuwa. Na taga na bari a ƙarshe, don shi ne abin alfaharina.

Da na juya shi na sa gilashin ido, abu na farko da na gani shi ne kan sukurun da ke riƙe da ƙafafun duk ya karce. Ba aikina ba ne. Ni ban taɓa karce sukuru ba, ko a agogon mace. Wannan da bakin wuƙa aka kwance shi. Na cire ƙafafun, sai ga shi a ƙarƙashi, a kan farin katakon da ban taɓa yi wa fenti ba: shatin babban yatsa, da lalle, kowane layi a fili. A tsakiyarsa akwai wani tsagi a karkace, na wuƙar da ta yanke ki kina yankan kuɓewa shekarar da aka haifi Abba. Ni na ɗaure yatsan nan da hannuna.

Ashe har ƙafafun kika cire don kada lalle ya ɓata su. Ke da ba kya shiga ɗakin.

Na daɗe a zaune. Abin da ya wuce tsakanina da katakon nan ba na masu karatu ba ne, sai su yi haƙuri.

Ga inda matsalar take: shatin yana zaune daidai inda ƙugiya za ta zauna. In na ɗiga gam, na binne shi har abada. In na huda tsakiya na sa sukuru, na fasa shi. In na bar shi kuwa, taragonki ba zai taɓa shiga wurin lodi tare da ’yan uwansa ba, sai dai ya zauna a gefe yana kallo.

Na kira Rabi ta zo daga Tudun Wada. Ta gani, ta yi kukanta, ta share ido, sannan ta koma ke sak. Ta ce kada in kuskura in taɓa shi. Ta ce hannuna rawa yake yi yanzu, ta lura da yadda nake riƙe kofin shayi. Ta ce ita za ta tafi da shi ta sa a kabad ɗin gilas tare da kwanukanki na tangaran, a kife, kowa ya zo ya gani. Ta kira Abba a waya don ya goya mata baya, shi kuma ya yi irin tasa, ya ce duka biyun muna da gaskiya.

Na ce mata, “Uwarki ba ta yi masa tsatsa don ya zauna da tangaran ba. Ta yi masa ne don ya yi kama da mai aiki.”

Game da hannu kuwa, ba ta yi ƙarya ba, yana rawa a kan kofi. Amma hannun da ya yi rayuwarsa a cikin agogo ya san inda ake jingina shi. A kan kofi ba ni da abin da zan rasa.

Ga yadda na yi. Na yanko ɗan falle daga bayan wani tsohon agogon tebur, na goge shi, na yi masa faɗin da ya zarce shatin ta kowane gefe. A kan fallen na dasa ƙugiyar, ba a kan katakon ba. Na huda ƙananan ramuka biyu da basilla, ɗaya dama ɗaya hagu, a wajen zanen yatsanki. Na shimfiɗa ’yar takarda mai laushi a tsakani don ƙarfe kada ya goge lallen. Sannan na ɗaure da sukuru biyu na agogo. Gam ko ɗigo bai taɓa wurin ba. Rabi tana tsaye a kaina tana salati har na gama, ban hana ta ba, don kowa da irin taimakonsa.

Na ɗora shi a layi, tsayin ya zo daidai da na maƙwabcinsa. Na sa shi na farko a bayan kan jirgi, inda duk nauyin turi yake bi kafin ya isa ga sauran. Na juya akalar zuwa baya. Suka shiga kwana a hankali, suka wuce, suka tsaya a wurin lodi, ko girgiza babu. Rabi ta ce in sake. Na sake. Ta ɗauki mayafinta ta ce to, kabad ɗin ma dama ya cika.

Yanzu duk ranar Juma’a in na dawo daga masallaci nakan kwance sukurun nan biyu, in ɗaga fallen, in duba, in mayar. Sauran kwanakin mako yana kan aiki. Na dasa lalle a bayan ɗaki, ya kama. Na gwada a kan wani tarago, ya fi tsamiya nesa ba kusa ba, amma bai kai naki ba, kuma na daina sa ran zai kai. Na kuma je wurin Iro na ce ya gaishe mini da matarsa, idonta lafiya yake.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Allah ya wanke ki daga kurakurai wankin da ya fi wanda kika yi wa taraguna. Ya raya mana Abba da Rabi da zuriyarsu, ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda babu rabuwa.

Ni ne naki, Malam, mai agogo na Kwanar Dangora.

Masu karatu za su so su san a bakin wa na karɓi zancen nan daga ƙarshe, tunda na ƙi na Iro, na ƙi na Rabi, na ƙi na matan unguwa. Kin san tun da aka kawo ki gidan nan kunya ba ta bar ni na kira sunanki ba, daga “ke” sai “Hajiya”. Yau dai sai an ambaci mai shaida. Wadda ta faɗa mini ƙarshe, da babban yatsanta na dama, ita ce Sa’adatu.