Sun Goge Masa Tabon Gira

Auta, don Allah duk abin da ke hannunki ki ajiye ki saurare ni yanzu-yanzu. Ko tukunya ce a kan wuta ki sauke. Kada ki ce sai kin gama aiki za ki duba takardar nan, ki karanta ta a tsaye a inda aka miƙa miki.

Assalamu alaikum. Maƙwabciyata mai ɗinki, ita ce ke rubuta mini, ta ce ba a fara wasiƙa haka sai an gaisa. To na gaishe ki, ɗiyata, na gaida maigidanki da yara, Allah ya ba ku lafiya ya tsare ku da abin ƙi. Mu nan da sauƙi. Ƙafar ta daina kumburi, idon ne kullum baya yake yi. Yanar ido ta rufe na dama ruf, na hagun ma kamar ta cikin hayaƙi nake kallo. Likita ya ce za a yi aiki, amma bai yi mini alkawarin komai ba. Takwarata 'yar marigayi yayanki ta shiga makaranta, bakin nan nata sai abin da ya ƙaru. Uwarta tun da ta sake aure ta yi nisa, sai dai gaisuwa a bakin mutane. An yi ta kiran wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ce a rubuta a ba direban motar kaya ya sa miki a hannu.

Kin san hoton marigayi yayanki da ke rataye a saman gadona, wanda aka ɗauka ranar da ya gama koyon walda, yana zaune ni ina tsaye a gefe na dafa kafaɗarsa. Biyu aka wanke, ɗaya nawa, ɗaya kika tafi da shi. To bangon ɗakin ya sha ruwa, sanyi ya shiga firam ɗin, hoton ya manne da gilashi ya fara yin ja-ja ta ƙasa. Babban yayanku ya gani ya ce a ba shi, yanzu akwai masu buga hoto a kan kyalle mai kauri, su ja shi a kan katako ya tsaya tamau kamar fatar ganga, ba gilashi, ba ruwansa da sanyi. Ya ce za a yi shi babba yadda ko da idon nan nawa zan gani. Ni na ciro shi daga ƙusa da hannuna na miƙa masa, har da sa albarka.

Ranar da aka kawo, ya rataya a falo ya kamo hannuna ya tsayar da ni a gaba. Auta, wani mutum na gani. Rigar ta marigayi ce, hular tasa ce, amma fuskar sumul kamar an shafa mata mai, hanci ya miƙe, haƙora jere farare. Na kai hancina har jikin kyallen ina neman girarsa ta tsage, babu tabo. Gira cikakkiya, baƙa, kamar ta ango. Ke kin fi kowa sanin tabon nan, ko da yake ba ki da wayo lokacin. Ke ya goya zai tsallaka kwata da ke, santsi ya kwashe shi, maimakon ya dafa ƙasa sai ya riƙe ki ta baya, fuskarsa ta daki bakin bokiti. Ke ko ƙwarzane ba ki yi ba, shi girarsa ta rabu biyu har ya koma ga Allah. Hannuna da na dafa shi da shi ma ban gani ba, sai da na shafa gefen katakon na leƙa, ashe an naɗe shi ya zagaya baya, an danne 'yan yatsuna da ƙananan ƙusoshi. Wai haka ake yi, dole gefen hoto ya bi katako. Wannan ban damu ba, ni a naɗe ni. Na ce wa Babba wannan ba ɗana ba ne. Sai ya yi dariya ya ce, “Inna, idonki ne.”

Mai ɗinki an kawo mata aiki ta tashi, yanzu malamar makarantar da ke haya a ɗakin ƙofa ce ta karɓi biro, kada ki ga rubutu ya canza ki tsorata. Na ce mata yadda na faɗa haka za ta rubuta, kada ta gyara mini magana, na gaji da masu gyara.

Ban haƙura ba, na sa mai ɗinki ta raka ni shagon. Wani lungu ne mai warin fenti da gam, katakai jingine a bango, fuskokin mutane manya-manya ko'ina, jarirai da tsofaffi duk fata iri ɗaya. Ga wani inji mai tsawon gado yana fito da kyalle a hankali, kan wata mata yana fitowa ta goshi. Mai hoton ba mugu ba ne, kujerarsa ma ya ba ni. Na ce ya ba ni tsohon hotona kawai in tafi. Ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya jawo wani kwali ya fito da gilashin. Ya ce da farko ta cikin gilashin ya ɗauka, bai fito sosai ba, dishi-dishi, sai ya ce bari ya ɓamɓare takardar a hankali ya ɗauka da kyau. Rigar ta taso, fuskar ta ƙi. Ta rabu, rabi a gilashi rabi a takarda, ta zama fari-fari kamar gari. Shi ne ya koma kan na dishi-dishin, ya sa kwamfuta ta cike inda ba ya gani. Ya ce ƙaramin hoto in za a buɗa shi ya yi girman nan dole a cike, in ba haka ba fuska farfashewa take. Tabon kuwa ya gan shi, ya ɗauka ƙwarzanen gilashi ne, ya zauna ya goge shi tas, har yana jin daɗin aikinsa.

Da na gaya masa tabo ne na gaske, jikinsa ya yi sanyi, ya ce ba komai zai iya zana tabon ya mayar. Ya juyo da kwamfutar ya tambaye ni, hagu ne ko dama? Na ce hagu. Ya ce hagunsa ko hagun mai kallo? Na kai hannu girata, na taɓa wannan na taɓa waccan. Ni da na danne ciwon nan da gefen zanena har jinin ya tsaya, ni da na shafa tabon nan ranar da za a fita da gawarsa. Ya zana a nan ya zana a can, ɗaya a miƙe ɗaya a karkace, ya ce in zaɓa. Duka suka yi mini kama, duka kuma ba su yi ba. Na tambayi Babba a gida, ya ce dama, da na matsa ya ce ko hagu ne, wai mamaci addu'a yake so ba gira ba. Gaskiyarsa, amma ai ban daina addu'ar ba.

Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Da, in na rufe ido ina ganin ɗana. Yanzu in na rufe, mutumin falon nan ne ke zuwa, da haƙoransa. Takwarata kuwa, kin san tana ciki uban ya rasu, kullum kafin ta tafi makaranta sai ta tsaya a gabansa ta ce, “Baba, na tafi.” Rannan ta ce mini babanta ya fi duk 'ya'yana kyau, wa ya biyo, tunda ni ga yadda nake. Na yi dariya don kada ta gane, na shiga ɗaki. Babba kuma ya ce a buga wa kowane gida irinsa, har naki. In aka rarraba, ni kuma idon ya tafi, wa zai tsaya ya ce ba shi ba ne?

Naki kaɗai ya rage a duniya. Na san yana cikin tsohon akwatin ƙarfen nan da takardun makarantarki. Ki ciro shi da busasshen hannu. In a gilashi yake kada ki ɓamɓare, ko ya manne ki bar shi haka. Kada ki ɗauka a waya ki turo, mai hoto ya ce ƙarami yake isowa, kwamfutar za ta sake cikewa da nata. Ki sa shi tsakanin kwali biyu ki naɗe a leda, ki kawo da kanki in da hali, kafin a taɓa mini ido. Amma tun kafin nan ki duba girar, ki gaya wa direban wane gefe ne, ki nuna masa a fuskarsa da yatsa don kada shi ma ya rikice a hanya.

Ki gaida surukarki da jiki, ki gaida babban ɗanki da 'yan biyu, ki ce kakarsu tana nan tana cin tuwon haƙuri ba haƙora. Mai ɗinki da malama suna gaishe ki, Babba bai san na rubuto ba. Ni ce mahaifiyarki.

Malama, kada ki ninke tukuna, ƙara wannan. Direban ya ce a zuwansa na baya ya ga kuna ɗaure kaya za ku tashi daga gidan, ya ga maigidanki yana fito da tsofaffin takardu yana tarawa a bakin ƙofa. Na san halinsa, duk abin da ya kwana biyu a akwati wuta yake sa masa. Kafin ki kira ni, kafin ki yi kuka, kafin ki tuɓe takalmi, shi za ki fara gaya wa. Mijinki, Auta. Ki ce kada ya taɓa akwatin ƙarfen.