Bana Wuta Ta Tsaya Bakin Kurminki

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, ina fatan Allah ya yalwata maki makwanci. Rani huɗu ke nan da rasuwarki, kuma sai yau na samu labarin da ya isa in zauna in rubuto maki.

Kin sha gaya mani cewa lokacin da anka kawo ki daga Anka, daji yana farawa ne daga bayan dangar gidanmu. Ni ban tarad da wannan ba. Na dai san muna yara mukan je tsintar kaɗe mu dawo kafin koko ya huce. Da na yi aure, sai mun fita da sassafe mu kai hantsi muna tafiya cikin fili, ba inuwa. Malaman gandun daji sun taɓa zuwa daga Bukkuyum suna aune-aune, sunka ce ƙasar nan kowace shekara tana asarar daji ga gobara. Ban riƙe lissafinsu ba. Ƙafafuna sun riga sun gaya mani.

Ina tuna ranar da wuta ta cinye rabin kurmin da kike tsintar kaɗe da ɗorawa. Kin tsaya cikin toka, ba ki kalli manyan itatuwa ba, ƙasa kike dubawa. Kika ce, “Babba yakan sha wuta ya tashi. 'Ya'yan take cinyewa, daji ya tsufa ba magaji.” Da munka koma gida, tuwo ma ba ki ci ba.

Bayan rasuwarki ni na gaji tukunyar daddawarki, na kuma gaji fargabarki. Da an gama girbi sai zargi ya tashi. Manoma su ce makiyaya ke kunna wuta don sabon tsiro, makiyaya su ce masu farautar gafiya ne da masu gawayi. Kowa da gaskiyarsa, dajin kuma yana ta tafiya. Ga shi yanzu ba mai ƙarfin halin kutsawa can ciki ya tare wutar, kin san yadda zamani ya koma.

Bana sai na tafi ruga wurin Goggo Hajjo, ƙawarki mai kawo maki nono. Ta tsufa, Inna, ido ya fara gajiya, amma bakin yana nan. Ta ce ba mu iya sanin wanda ke kunna wutar, amma muna iya sanin inda za ta tsaya. Munka tara mata, namu da nasu, munka share ciyawa munka zagaye kurmin da fili mai faɗi, kamar hanyar amalanke biyu. Kwana tara muna yi. Maza sun yi mana dariya a kwana ukun farko. Rana ta huɗu mijina, Malam Isa, ya ɗauko fartanya ya kama shara, sauran sunka biyo shi da ɗai-ɗai.

Ranar Alhamis da ta wuce, bayan azahar, ina tsame kalwa sai na hango hayaƙi ta gabas, iska kuma tana turo shi wajenmu. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce Goggo na cikin kurmin da maruƙanta, tun safe ta shiga. Ban san sadda na bar tukunya bisa murhu ba.

Na iske wutar ta fi ni tsawo, tana ƙara kamar ana sussukar gero. Ta iso bakin sharar ta rasa abin ci, ta bi gefe tana lasar ƙasa. Wuri guda ne iska ta tsallakar da ita, inda munka yi ragwanci munka bar tsirin ciyawa. Nan ni da jama'ar da sunka sheƙo munka rufa mata da ɗanyun rassan dogon yaro, manomi kusa da makiyayi, ba mai tambayar wa ya kunna. Zanena ya ƙone daga ƙasa, hannun Malam Isa ya saluɓe. Kafin la'asar wutar ta mutu.

Goggo ta fito tana tari, maruƙa bakwai na biye da ita, ba wanda ya ɓace. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kin bar tsiri, ɗiyar Hauwa. Uwarki ba ta barin tsiri.” Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na zauna nan ƙasa ta dafa kaina har na yi shiru.

Ba zan ɓoye maki ba, ƙetaren sharar duk ya tafi. Tsamiyar da kuke hutawa ƙarƙashinta ta koma kututture. Abin da anka rasa tun zamaninki ba zai dawo a zamanina ba, na sani. Amma washegari na zagaya kurmin a hankali. Ɗorawa ta fara fure, ƙudan zuma na ta kai-kawo, kuma ƙananan kaɗanyun da ba su wuce gwiwata ba suna nan kore shar. Mai gari ya ce baɗi gayya za a kira, sharar ta kai har bakin fadama. Kalwar da na bari bisa murhu kam ta ƙone ƙurmus, ban ko ji zafinta ba.

Innata, na yi kewarki ranar nan fiye da kullum, amma kewa ce mai sanyi. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Yadda ya tsare itatuwanki, ya tsare ki daga wuta, ke da Baba da dukkan musulmi.

Taki har kullum,
Ɗiyarki, Saratu