Zanen Inna Ya Fi Ƙarfin Shafi

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ni tela ce, shekara ashirin da biyu ina kan keke, kuma ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba. Idan na yi ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni.

Wadda ta koya mini ɗinki kowa Inna yake ce mata. Ba ita ta haife ni ba, amma ban san abin da uwa take yi wa 'ya wanda ba ta yi mini ba. Inna ba ta yi suna a ɗinkin gayu ba. Mutanenta su ne waɗanda sauran teloli ke hangowa su ce aiki ya yi musu yawa: mai doro, wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya ɗaga hannu, matar da aka cire wa nono ɗaya a asibiti, mai zama a keken guragu. Ita ta nuna mini cewa wandon mai zama dole bayansa ya fi gabansa tsawo, in ba haka ba wuni zai yi yana zamewa, mutum yana ta jan riga yana rufe jikinsa. Na sha ganin babban mutum ya gwada riga a shagonta, ya kalli madubi, ya kau da kai don kada mu ga ƙwallarsa. Ita kuwa sai ta hau shi da faɗa, wai ya tsaya da kyau tana duba hammata.

Yanzu hannunta rawa yake yi, ko zare ba ta iya zurawa a allura. Abin da ya rage shi ne zane arba'in da ɗaya da ta yi a kan takardar buhun siminti, kowanne daidai girman da za a ɗora a kan yadi a yanka. Shekara uku na yi ina zama a gabanta da biro, tana bayani, tana yi mini tsiya in na rubuta shirme, har abin ya zama littafi.

Maigidana ne ya matsa mini na aika wa wani kamfanin buga littattafai. Ban sa rai ba, sai ga editarsu ta kira ni. Anti, matar nan ta burge ni. Ba ta taɓa yanka yadi ba, amma ta karanta shi tas, har ta gano wuri biyu da na rubuta dama alhali hagu nake nufi. Ta ce za su buga, za su kai shi makarantun koyon sana'a da shagunan littattafai. Sai dai shafinsu ƙarami ne, don haka wani zai sake zanen Inna a kwamfuta, a ƙanƙance, a sa awo a gefe. Kuma sai na jira shekara ɗaya da rabi. Maganar sake zanen ce ta fi damuna. Lanƙwasar da Inna take yi wa hammata tef ɗin awo ba ya ba da ita, daga hannunta take fitowa. Ta yaya wanda bai taɓa ganin mai doro yana kokawa da riga ba zai zana ta?

Ƙanena ya ce in rabu da su, yanzu kowa buga abinsa yake yi. Ya kai ni wurin wani mai maɗaba'a a bayan layinmu, mai buga kalanda da katin gayyata. Mutumin kirki ne. Ya ce sati uku ya ishe shi, zai yi manyan shafuka masu naɗewa, zanen Inna ya fito yadda yake har da inda bironta ya zarce. Ya buga mini shafi ɗaya na gwaji. Don zumuɗi ban auna ba, na ɗora a kan yadi na yanka wa wani dattijo mai shanyayyen hannu riga. Da ya zo gwaji, hannun ya ƙi shiga. Ashe injin ya ɗan rage zanen don ya dace da takarda, abin bai fi rabin inci ba. Dattijon bai yi fushi ba, haƙuri ma ya dinga ba ni, kamar laifin jikinsa ne. Wallahi wannan ya fi komai yi mini ciwo. Mai maɗaba'ar ya rantse zai gyara, kuma na yarda da shi, amma da kwafi ɗari uku muka buga a haka fa?

Ga shi ban san wa zan kai wa littafin ba bayan telolin unguwarmu, waɗanda rabinsu dama a hannun Inna suka koya. Ban gaya mata komai ba tukuna, ina tsoron ta ji za a taɓa mata zane. Anti, so nake aikin matar nan ya rayu bayanta, kuma ya rayu daidai. Wace hanya zan bi?

Taki,
Mai Tef a Wuya

AMSA

Ƙanwata, sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma kafin komai ki miƙa mini gaisuwa wurin Inna. Irinta ba su da yawa. Ke ma kin cancanci jinjina, domin mutane da dama sun sha ilimi a hannun tsofaffi sun bari ya tafi tare da su, ke kuwa kin zauna shekara uku kin rubuta.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba. Mai buga abinsa da kansa shi ke da iko da girman shafi, da bango, da lokaci. Amma ki sani ke ce za ki zama edita, mai duba kurakurai, mai talla da mai dako, ga keke yana jiranki. Kamfani kuma yana da idon da ya kama miki hagu da dama, yana da ƙafar da za ta kai littafin inda taki ba za ta kai ba. Aibinsa jinkiri ne, da rashin sanin ɗinki. Wancan rabin incin yana iya ɓacewa a maɗaba'ar bayan layi, yana iya ɓacewa a kwamfutar kamfani. Almakashinki ne kaɗai zai kama shi.

Shawarata ki bi kamfanin, amma da sharaɗi a rubuce cikin yarjejeniya: ba za a buga ko zane ɗaya ba sai kin mayar da shi cikakken girmansa, kin yanka a yadi mai araha, kin gwada a jikin mutum, kin sa hannu. Ki nemi a liƙa manyan zanen a naɗe a bayan littafin. In sun ce ba za su iya ba, to haƙƙin buga su ya zauna a hannunki. Nan mai maɗaba'arku zai yi rana: ya buga su daban, a kowace takarda a ja layi mai inci goma, don duk telan da ya saya ya fara ɗora tef kafin ya taɓa yadi. Sunan Inna ya hau bango a saman naki. Ki ba wanda ya san doka ya karanta takardar kafin ki sa hannu, ki kuma gayyaci editar nan ta wuni a shagonki, gani ya kori ji. In sun ƙi sharaɗin gwaji, ki naɗe takardunki ki buga da kanki, a tsanake, bayan kin sami mai duba miki rubutu.

Ɓoye wa Inna kuwa kuskure ne, ki gyara shi cikin satin nan. Hannunta ne yake rawa, idonta yana nan. Duk zanen da ya fito daga kwamfuta ki shimfiɗa a gabanta, in akwai karkata ita za ta riga kowa gani, kuma za ki ba ta aikin da zai sa ta san har yanzu ana bukatarta.

Shekara ɗaya da rabi da nisa, na sani. Amma a wani gari da ba za ki taɓa takawa ba, akwai wanda ya daina shiga mutane saboda ba shi da rigar da za ta zauna masa. Telansa ba mugu ba ne, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Ki bi hanyar da za ta kai littafin teburin wannan telan. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya nuna mata littafin a hannunta, ke kuma ya yi miki jagora.